New Bell: Unguwar Baƙi da Arzikin Kamaru

A cikin shekara ta 1884 Jamusawa suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala, ƙasar Kamaru kuwa ta shiga hannunsu. Abin da ya kawo su shi ne amfanin ƙasa, wato manja, da roba, da koko. Domin a kai waɗannan kaya bakin teku suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Bonaberi zuwa Nkongsamba, aka gama ta a 1911.

Sa'ad da garin ya bunƙasa, sai Jamusawa suka ƙwace filayen bakin kogin Wuri domin Turawa, suka keɓe wa baƙar fata wani wuri a bayan gari, shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ran 8 ga Agusta, 1914. Yawancin 'yan garin ba su koma can ba. Baƙi ne suka cika unguwar: Bamileke, da Basa, da Ewondo, da Hausawa.

Sana'ar Hausawa ita ce fatauci da fawa. Sukan gangaro da shanu daga Adamawa, su hau da goro. Da jirgin ƙasa ya kai Ngaundere a 1974, sai albasa da wake da gyaɗa na arewa suka ƙara samun hanya zuwa kasuwannin Duwala.

Bayan samun 'yanci a 1960 ƙasar ta dogara ga koko, da kofi, da auduga, daga 1977 kuma ga man fetur. Amma ba Kamaru ce take yanka wa waɗannan kaya farashi ba, kasuwar duniya ce. A wajen 1986 farashinsu ya faɗi. Aka rage abin da ake biyan manomi, a 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Samari masu takardun makaranta suka koma haya da babur. A Fabrairu 2008 tsadar mai da abinci ta tada tarzoma a Duwala.

Duk da haka cinikin abinci bai mutu ba, gama ko a shekarar wahala gari ba ya fasa ci. Mahauci da mai albasa sun ji jiki, amma sun tsaya, domin masu sayen kayansu suna gida.

Tun 2018 sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kribi tana aiki, ta Duwala kuma ita ce ƙofar Cadi da Afirka ta Tsakiya. Amma tasha kaɗai ba ta wadatar da ƙasa muddin ɗanyen kaya take fitarwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan aka sarrafa koko da auduga a gida, aka gyara hanyoyin ƙauye, aka gina rumbunan da albasa ba za ta ruɓe ba, manomin arewa da ɗan kasuwar New Bell za su ci riba tare.