Burokolini

burokolini (suna, namiji, ba shi da jam'i). Kayan lambu ne kore shar daga dangin kabeji, mai dogon kara siriri da ƙananan tohon fure a kai. Kamfanin iri na Sakata da ke Yokohama a Japan ne ya samar da shi a 1993, ta hanyar barbarar burokoli da gailan, wani ganye na ƙasar Sin. A Amurka ana sayar da shi da sunan Broccolini, a Ingila kuwa Tenderstem.

Dahuwa: ba a fere shi, kara da ganye da fure duk ci ake yi. A datse gindin karan kaɗan, a jefa a tafasasshen ruwan gishiri minti 2 zuwa 3, a tsame, a soya sama-sama da man zaitun da tafarnuwa, a matsa lemun tsami. Wasu gasa shi suke yi har furen ya ɗan babbake, kuma gasasshen ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Karansa ya fi na burokoli zaƙi da taushi, amma ba ya son daɗewa a wuta.

Misali: "Yaya, sauke burokolinin nan kafin ya yi luguf."