Tashar Jirgin Ƙasa ta Funtuwa

Tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa tana kudancin Jihar Katsina, a kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. 

Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa layin ne domin kwasar auduga da gyaɗa zuwa bakin teku a Legas, fasinja kuwa a baya ya biyo. A wancan zamani, da kaka akan jibge buhunan gyaɗa da ɗaurin auduga daga masana'antar gurza ta garin, 'yan dako na loda su cikin taragu, masu tallar abinci na bin tagogi. Wannan hada-hada ce ta jawo Yarbawa da Ibo suka zauna, Funtuwa ta zama cibiyar ciniki.

Yanzu manyan motoci sun ƙwace lodin, tashar ta yi sanyi. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ba ta Funtuwa aka tsara shi ba, sai ta Daura da Katsina da Jibiya.