Tarihin Ƙwayoyin Nano a Hoton Asibiti

Ƙwayoyin nano ɓurɓushi ne da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ana yi wa majiyyaci allurarsu kafin ɗaukar hoto, domin abin da ke ɓoye a jiki ya fito sarai.

Aikin ya girmi sunan. A shekarun 1930 likitoci sun rungumi Thorotrast, ruwa mai ɗauke da ɓurɓushin toriyom, wajen hoton jijiyoyin jini. Hoto kam ya yi kyau, sai dai ɓurɓushin kan maƙale a hanta da saifa yana fitar da radiyeshon, bayan shekaru ya haifar da sankara. A shekarun 1950 aka yi watsi da shi.

Da na'urar MRI ta shiga asibitoci a shekarun 1980, hankali ya koma kan ƙarfe, wanda jiki ya riga ya san yadda zai sarrafa shi. Akan lulluɓe ɓurɓushin tsatsar ƙarfe da wani nau'in sukari. Ƙwayoyin Kupffer, masu share dattin jini a hanta, sai su haɗiye shi, lafiyayyen sashe ya yi baƙi a hoto. Ƙari kuwa galibi ba shi da waɗannan masu shara, don haka yakan fito da haske, ba wurin ɓuya. A 1996 hukumar FDA ta Amurka ta amince da irin wannan ɓurɓushi mai suna Feridex, wani mai suna Resovist ya biyo baya a Turai a 2001.

Dabarar ta yi, kasuwa ce ta ƙi. Feridex sai an ɗaura shi kamar ƙarin ruwa na rabin awa, wasu kuma na kukan ciwon baya, alhali allurar gadoliniyom, wadda ita ma ake yi domin hoton MRI, nan take ake gamawa. Zuwa 2009 an daina sarrafa Feridex.

A shekarar ce kuma ƙarfen ya dawo ta bayan gida. An amince da ferumoxytol a matsayin maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda, waɗanda tun 2006 aka gano gadoliniyom na iya jawo musu cutar ƙandarewar fata. Likitocin hoto suka ga banza ta faɗi, suka ara suna duba jijiyoyin jini da shi. Shi ma ba kanwar lasa ba ne: a 2015 FDA ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani, saboda jikin wasu kan ƙi shi har ta kai ga rasa rai.