Shinkafar NERICA

NERICA rukunin irin shinkafa ne da cibiyar bincike ta WARDA, wadda yanzu ake kira AfricaRice, ta samar a Kwaddibuwa cikin shekarun 1990. An same ta ne ta hanyar haɗa shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, mai jure wahala, da ta Asiya, Oryza sativa, mai yawan amfani.

Ana noma nau'o'inta na tudu da ruwan sama kaɗai. Suna nuna cikin kwana 90 zuwa 100, sukan kai girbi kafin damina ta ɗauke, kuma wannan saurin shi ne babbar kariyarsu daga fari. A Najeriya ana kiran NERICA 1 da suna FARO 55. Monty Jones, ɗan Saliyo da ya jagoranci aikin, ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2004.