Ƙwaryar Sha

Ƙwaryar sha mazubi ce da ake samu daga duma, bayan ya bushe an raba shi biyu an kankare cikinsa. Kowane abin sha da irin tasa. A babbar ƙwarya ake dama fura da nono, a sha da ludayi, a rufe da faifai. Ƙoƙo, wato ƙaramar, shi ne na kunu da ruwa, kuma a cikinsa ake zuba burukutu, giyar dawa, wadda aka haramta sayarwa a jihohi irin su Kano tun kafa Shari'a a shekarar 2000.

A unguwannin Maiduguri kamar Dala, kofin roba ya fi yawa yanzu. Mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya sunansa gyartai.