Kyandirin da ke cikin ɗaki na 18

Mu dai a ɗakin kwananmu, kyandir na ranar ɗauke wuta ne, mu liƙa shi a gindin gwangwani mu yi bitar jarrabawa. Sai da wata abokiyar karatuna ƴar Katolika ta ce mini a cocinsu ana kunna shi ko da rana tsaka, na ce: to ina amfanin wannan asara?

Ashe ba ni na fara wannan tambaya ba. Wajen shekara ta 406 wani malamin coci mai suna Vigilantius ya yi irin wannan ƙorafi, Jerome ya mayar masa da martani mai zafi, ya ce a cocin ƙasashen gabas ana kunna wuta lokacin karanta Linjila don nuna farin ciki, ko da gari a waye yake. Daga baya malamansu suka ƙara fassara: kakin zuma jikin Yesu ne, lagwani ransa, harshen wutar kuma allantakarsa, a aƙidarsu. Har a 1904 Roma ta yi umarni cewa kyandirin Ista ya zama mafi yawansa kakin zuma ne. Suna soka masa ƙwayar turare biyar, adadin raunukan gicciye. Abin da suka fi kallo shi ne, kyandir ba ya haskawa sai yana cin kansa.

Wallahi da farko na ɗauka daɗin baki ne kawai, sai da na karanta labarin Maximilian Kolbe. Fada ne ɗan Polan da Jamusawa suka tsare a sansanin Auschwitz. A 1941 wani fursuna ya ɓace, aka zaɓi mutum goma a kashe su da yunwa. Ɗayansu, Franciszek Gajowniczek, ya yi kukan matarsa da ƴaƴansa. Kolbe ya fito daga layi ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Bayan kusan mako biyu a kurkukun ƙarƙashin ƙasa bai mutu ba, ranar 14 ga Agusta suka yi masa allurar guba.

A 1979 Fafaroma John Paul II ya shiga wannan ɗaki na 18, ya bar kyandir a ciki. Shi kuwa Gajowniczek ya rayu har 1995, kuma yana wurin a Roma a 1982 ranar da aka ayyana Kolbe waliyyi.