Zanen Leɓe Ko Sawun Leɓe?

A cikin fannonin binciken laifuka akwai wanda ake kira kailoskofi, wato nazarin 'yan tsagogin da ke jikin leɓen mutum domin a gane ko wane ne. Kalmar haɗi ce daga Girkanci: "keilos" leɓe, "skopein" dubawa. Ƙirarta ɗaya da daktiloskofi, ilimin zanen yatsa, daga "daktilos", yatsa. Sunan daktiloskofi kuwa ba haka ya faro ba. Juan Vucetich, jami'in 'yan sandan Ajantina da ya yi fice a harkar, da farko wani dogon suna ya raɗa wa dabararsa, mai nufin auna sawun gaɓar yatsa. Wani mai suna Francisco Latzina ne ya kawo gajeren sunan, wanda ya zauna a bakin mutane.

Tsagogin leɓe sun daɗe da jan hankali. Masanin halittar ɗan Adam R. Fischer ya yi bayaninsu a 1902, Bafaranshe Edmond Locard kuma ya ba da shawarar a yi aiki da su wajen bincike a 1932. Amma waɗanda suka tsara musu sunaye su ne Kazuo Suzuki da Yasuo Tsuchihashi, likitocin haƙori a Tokiyo, waɗanda suka duba leɓunan mutum 1,364 tsakanin 1968 da 1971. Da Latin suka yi raɗin, kuma suna biyu suka ba da: ɗaya na tsagogin kansu da ke jan ɓangaren leɓe, ɗaya na siffar da layukan suke haɗuwa su bayar. Sannan suka kasa su: miƙaƙƙun da suka ratsa leɓe daga sama zuwa ƙasa, miƙaƙƙun da suka tsaya a hanya, masu reshe, masu gicciye juna, masu kama da raga, sai rukunin ƙarshe na waɗanda ba su shiga ko'ina ba.

A Hausa, abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "zanen leɓe", tunda mun saba da zanen yatsa, mun kuma saba da dangwale ranar zaɓe. Sai dai abu biyu ne a nan, kuma Hausa tana iya raba su. Zane shi ne abin da ke jikin mutum. Sawu kuwa shi ne abin da ya bari a baya, a bakin kofi, ko guntun taba, ko jikin tagar gilashi, da jambaki ko da maiƙon leɓe wanda ido ba ya gani sai an barbaɗa masa hoda. Mai bincike sawu yake ɗauka, ba zane ba. Leɓe kuma nama ne mai laushi: yadda aka danna shi, ko baki a buɗe yake ko a rufe, ko hunturu ya tsattsage shi, duk suna sauya sawun da zai bari.

Wannan bambanci ya taɓa cin wani mutum a jihar Illinois ta Amurka. A 1997 aka same shi da laifin kisa, babbar hujjar kuwa sawun leɓe ne a jikin salatif, bayan masu shaida sun gaya wa kotu cewa dabarar karɓaɓɓiya ce kamar zanen yatsa. A 2006 wani alƙali ya soke hukuncin, bayan da wasu masana suka bayyana cewa kimiyya ba ta amince da ita haka ba.

Kama da wane ba wane ba ne. Sunan kailoskofi ya ari rigar daktiloskofi, amma zanen yatsa ya shafe fiye da shekara ɗari ana gwada shi, ana tara shi a rumbunan bayanai, abin da leɓe bai samu ba. Don haka ɗan jarida ko malamin da zai rubuta batun da Hausa, gara ya ce "zanen leɓe" idan halittar yake nufi, ya ce "sawun leɓe" idan abin da aka tsinta a wurin laifi ne, domin mai karatu ya san wanne ake kai wa gaban alƙali.